Tarihin Cire Manhaja a Linux: Daga Bin Fayiloli da Hannu zuwa Flatpak

A farkon shekarun 1990, lokacin da tsarin Linux yake sabo, shigar da manhaja ya fi cire ta sauƙi nesa ba kusa ba, domin umarnin make install yana watsa fayiloli cikin wurare daban-daban na kwamfuta ba tare da ya ajiye jerin inda ya zuba su ba, ta yadda duk mai son kawar da manhaja sai ya bi sawun fayilolinta ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahala tana cikin abin da ya sa Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta samar da dpkg, kamfanin Red Hat kuma ya samar da RPM, waɗanda dukansu ke riƙe rajistar da ke nuna wace manhaja ce ta mallaki wane fayil. Sai dai rajistar ba ta kawar da matsalar laburare ba, wato tarin lambobin da manhajoji da yawa ke aro a tare, domin laburaren da aka shigar saboda wata manhaja kan zama maraya bayan tafiyarta, abin da ya sa daga baya aka ƙara umarnin autoremove mai share irin waɗannan marayu a APT, kayan shigar da manhajoji na Debian.

Flatpak, wanda Alexander Larsson na Red Hat ya fara da sunan xdg-app kafin a sauya masa suna a 2016, ya sake fasalin lamarin gaba ɗaya. Kowace manhaja tana aiki a killace, ma'ana ba ta taɓa sauran tsarin sai ta ƙofofin da aka ba ta izini, kuma tana tsaye a kan ginshiƙi, wato babban kunshin laburare irin na Freedesktop ko GNOME ko KDE, wanda manhajoji da dama ke rabawa. Da wannan, cire manhaja ta layin umarni, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa, ya zama aiki mai tsabta, domin flatpak uninstall tare da cikakken sunan manhajar, kamar org.gimp.GIMP, yana ɗauke ta daga /var/lib/flatpak idan an shigar da ita don kowa, ko daga ~/.local/share/flatpak idan ta mutum ɗaya ce.

Amma tsohuwar matsalar marayu ta dawo da girma, domin ginshiƙi ɗaya kan kai ɗaruruwan megabait, kuma Freedesktop na fitar da sabo kowane watan Agusta, GNOME kuma sau biyu a shekara, saboda haka tsofaffi kan taru a faifai bayan manhajoji sun koma kan sababbi. Zaɓin --unused na umarnin flatpak uninstall shi ne maganin da aka tanada, yana share duk ginshiƙin da babu manhajar da ke kansa, sai wanda aka kafe da umarnin flatpak pin. Ginshiƙin da ake amfani da shi kuwa, Flatpak kan ƙi cire shi. Da yake ma'ajiyar OSTree da ke ƙarƙashinsa tana adana fayiloli masu kama ɗaya sau ɗaya tak, sararin da ake samu bayan cirewa kan gaza girman da aka gani a jeri.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda aka raba manhaja da bayanan mai ita. Saituna da ajiyar mutum suna zaune a ~/.var/app, kuma cirewa ba ta taɓa su sai an ƙara --delete-data da gangan, domin manhaja ana iya sake sauke ta daga Flathub, rumbun manhajojin Flatpak, aikin mutum kuwa idan ya tafi ya tafi. Snap na kamfanin Canonical ya bi wata hanyar, inda snap remove ke ɗauke bayanan amma ya ajiye kwafinsu na kwana 31, sai dai idan an rubuta --purge.