Kwana Nesa da Gida da Ginin Halin Yaro: Nazarin Sansanin Yara da Darasinsa ga Kusa da Kewayen Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dabarun zaman duniya da yaro ke samu idan ya kwana a sansani nesa da iyayensa. An kwatanta tsari uku: tsangaya, sansanin 'yan sikawut, da sansanin hutu na ɗalibai Musulmi. Nazarin ya gano cewa abin da ke gina hali shi ne nauyin da aka ɗora wa yaro cikin ƙaramin rukuni, a ƙarƙashin kulawar babba amintacce, na ƙayyadadden lokaci. Daga nan aka fitar da shawarwari da suka dace da yankin kan iyaka mai fama da rashin tsaro.

1.0 Gabatarwa

Kusa tana cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, yankin da hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa kafin ta shiga Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Yaron wannan yanki yana tasowa cikin kasuwanci da zirga-zirga, yana ganin naira da sefa a hannu ɗaya. Sai dai 'yan shekarun nan sun taƙaita masa motsi. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Sace ɗalibai fiye da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020 ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, ya kuma dasa fargaba a zukatan iyaye. Tambayar maƙalar ita ce: me yaro ke samu daga kwanan sansani, kuma yaya za a tsare masa wannan amfani ba tare da an jefa shi cikin haɗari ba?

2.0 Hanyar Bincike da Ma'auni

An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce da kwatance. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara a aikinsa na 1974, waɗanda suka haɗa da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. An zaɓe su saboda da su ne Bahaushe ke auna tarbiyyar ɗansa. Sun kuma yi kusa da jerin Hukumar Lafiya ta Duniya na dabarun rayuwa, wanda ya ƙunshi yanke shawara, warware matsala, tausayi da iya danne fushi.

3.0 Tsari Uku na Kwanan Sansani

3.1 Tsangaya. Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ke tura ɗansa wajen malami a wani gari, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. A tsangaya akwai matakai, daga ƙolo zuwa titibiri zuwa gardi, kuma kowane mataki da aikinsa. Ƙolo ne ke samo itacen da za a hura wutar karatun dare da ta asuba. Shi ke wanke allonsa, ya koyi haɗa tawada da feƙe alƙalami. Gardi kuwa shi ke biya wa na ƙasa da shi karatu, ya raba faɗa, ya lura da wanda zazzaɓi ya kwantar. Binciken Hannah Hoechner a Kano, wanda ya fito a littafi a 2018, ya nuna cewa iyaye da dama suna ɗaukar rabuwa da gida a matsayin hanyar koyar da haƙuri da juriya. Amma binciken ya kuma bayyana ƙyama da talaucin da almajirai ke fuskanta. Inda abinci ya dogara ga bara, kuma zaman ya ɗauki shekaru, wahala takan rinjayi darasi.

3.2 Sikawut. Robert Baden-Powell ya gwada sansaninsa na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a Agustan 1907, da yara kimanin 20, harkar kuma ta iso Nijeriya a 1915. Ginshiƙin tsarin shi ne kasa yara cikin ƙananan rukunoni, kowanne da shugaba daga cikinsu. Rukuni ne ke kafa tantinsa, ya dafa abincinsa, ya tsara gadin dare. Idan tuwo ya ƙone, babu uwar da za ta sake ɗora tukunya. Gobe sai mai girkin ya san yadda zai rage wuta.

3.3 Sansanin hutu na ɗalibai. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, takan tara ɗalibai na 'yan kwanaki lokacin hutu, galibi a harabar wata makaranta. Ana haɗa karatu da sallar jam'i da shara da layin abinci, ɗan birni da ɗan ƙauye a tabarma ɗaya.

4.0 Tattaunawa

Kwatancen ya fito da abubuwa uku da ke haifar da sauyi. Na farko shi ne aiki na gaske wanda wasu suka dogara da shi. Yaron da aka damƙa wa randar ruwan sha ya san cewa idan ya yi sakaci abokansa za su kwana da ƙishi, kuma nan amana ke kafuwa. Na biyu shi ne zama da wanda ba ɗan'uwa ba. A gida, saɓani yakan ƙare a gaban uwa. A sansani dole yaro ya nemi sulhu da bakinsa, ya koyi haƙuri da adalci wajen rabon abinci da wurin kwana. Na uku shi ne cin galaba kan kewar gida. Yaron da ya yi kuka a daren farko, ya wayi gari ya ga bai rasa komai ba, ya gano cewa yana iya riƙe kansa.

Wannan ya dace da binciken Christopher Thurber da abokan aikinsa na 2007 a sansanoni 80 na Amurka, inda yara da iyaye da ma'aikata suka ba da rahoton ƙaruwar dogaro da kai, iya ƙulla abota da jagoranci. Waɗannan sansanoni suna da wadatar abinci da kulawa, abin da ke nuna cewa yunwa da duka ba sharaɗi ba ne na samun juriya. Haka nan babu ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ke buƙatar shiga daji.

5.0 Shawarwari da Kammalawa

Jibiya tana maƙwabtaka da Zurmi ta Jihar Zamfara, kuma hare-haren 'yan bindiga sun raba ƙauyuka da dama da mutanensu. Saboda haka maƙalar ba ta goyon bayan kai yara wajen gari. Tana ba da shawarar a shirya sansani na kwana uku zuwa biyar a makaranta mai katanga cikin gari, kuma sai da amincewar hukumomin tsaro, masu gari da iyaye. Idan hali bai ba da dama ba, a mayar da shi na yini. A kasa yara rukuni-rukuni na shida zuwa takwas, a riƙa juya shugabanci kullum. A ware wa 'yan mata nasu sansanin ƙarƙashin malamai mata. A haɗa 'yan boko da almajirai da 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira, a kuma gayyaci 'yan agaji su koyar da taimakon gaggawa, wanda ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta nuna tsananin buƙatarsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rashin tsaro ya riga ya rage wa yaran Kusa gona da kiwo da tafiya, wuraren da a da suke koyon ɗaukar nauyi. Wajibi ne iyaye, malamai da hukuma su samar musu da amintaccen wurin da za su ci gaba da wannan koyo.