Koyon Sanin Makamar Aiki a Ƙasar Waje: Abin da Ɗalibai Ke Tararwa

Mene ne sitaj?

Sitaj kalma ce ta Faransanci da ta shiga bakin mutanenmu. Da Hausa ana cewa koyon sanin makamar aiki. Lokaci ne da ɗalibi ke barin aji, ya je asibiti, ko gona, ko ofis, ko masana'anta, ya yi aiki da hannunsa a ƙarƙashin wanda ya ƙware. Yakan ɗauki wata ɗaya zuwa wata shida. In ya gama, sai ya rubuta rahoto a kan abin da ya yi da abin da ya gano, malamansa su duba su ba shi maki. A makarantu da yawa ba a ba da takardar kammala karatu sai an yi shi.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Ɗan maƙeri ba ya zama maƙeri sai ya daɗe yana zuga, mai koyon ɗinki kuma yakan fara da sa maɓalli. Bambancin shi ne, sitaj yana da wa'adi, yana da takardu, kuma wani lokaci a wata ƙasa ake yin sa, inda harshe da abinci da doka suka saɓa da namu. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su ne za su tafi ba. Ƴaƴansu ne, ko ƙannensu. Amma su ne za su sayar da rago ko buhun wake don kuɗin mota, saboda haka ya kamata su san abin da ake saya da kuɗin.

Ina ake zuwa?

Gundumar Dakoro ƙasar noma da kiwo ce, don haka bari mu fara da makarantun da suka shafi waɗannan sana'o'i.

A Dakar, babban birnin Senegal, akwai makarantar koyon likitancin dabbobi da ake kira EISMV. An kafa ta a 1968, kuma ƙasashen Afirka fiye da goma ne suka haɗu a kanta, har da Nijar. Da yawa daga cikin likitocin dabbobi na ƙasarmu can suka yi karatu. A Wagadugu akwai makarantar 2iE mai horar da injiniyoyin ruwa da muhalli. A Fotonobo ta ƙasar Benin akwai Cibiyar Songhai, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985. Can ana haɗa noma da kiwo da kiwon kifi a wuri ɗaya, ba a zubar da kome: kashin kaji ya zama taki, shara ta zama iskar gas ta girki. Matasa daga ƙasashe daban-daban kan je su yi watanni suna aiki a gonar.

Akwai kuma masu karatu a Nijeriya. Can tsarin yana da suna SIWES, an soma shi a 1973, kuma ɗalibai suna kiran sa IT. Ana ba ɗalibi littafi ya riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana, shugaban wurin aikin ya sa hannu. Wasu kuma sukan samu tallafin karatu zuwa Aljeriya ko Maroko. Hukumar ANAB da ke Yamai ita ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati.

Mu ma ana zuwa wurinmu. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1974 bayan babban farin da ya kashe dabbobi a Sahel, tana horar da ɗalibai daga Cadi, Mali, Senegal, Muritaniya da sauransu a kan yanayi, ruwa da kare shuka. A Maraɗi kuwa, matasan Nijeriya masu yawa suna karatu a jami'o'i masu zaman kansu, musamman fannin kiwon lafiya.

Abin da ɗalibi ke tararwa

Abu na farko harshe ne. Wanda ya yi boko a Nijar da Faransanci ya yi, in ya je Zariya ko Kano sai ya tarar takardun aiki da Ingilishi suke. A Dakar, makiyayin da ya kawo saniyarsa da Wolof ko Fulatanci zai yi magana. A Aljeriya, marar lafiya da Larabcin gida zai faɗi inda ke masa ciwo, ba Larabcin littafi ba. Ɗalibin da ya koyi gaisuwa da sunayen kayan aiki a makon farko yakan samu shiga da wuri. Wanda ya yi shiru don kunya, sai wata ya wuce yana tsaye a bakin ƙofa. A nan Hausa tana da rana: a Kwatano, Lome, Akara ko Kumasi, duk wanda ya nemi zango zai samu mai jin maganarsa, sau da yawa har da masauki.

Na biyu shi ne aikin kansa, kuma nan ne aka fi samun ƙorafi. Wani ɗalibi yakan zama ɗan aike: sayo shayi, kai takarda, share ofis, har wa'adi ya cika bai taɓa na'urar da ya zo dominta ba. Wani kuma akasin haka, a ɗora masa aikin cikakken ma'aikaci, dare da rana, ba biya ba koyarwa. Dukansu biyu an cuce su. Sitaj na kirki yana da mutum ɗaya da aka ambata da suna, wanda zai nuna wa ɗalibi aiki, ya bar shi ya gwada, ya gyara masa. A ganina, wannan mutum ya fi sunan ƙasar muhimmanci. Ƙaramin asibitin dabbobi mai likita mai haƙuri ya fi babban kamfanin da ba wanda ya san da zuwanka.

Na uku kuɗi. A yawancin ƙasashenmu ba a biyan ɗan sitaj, sai dai ɗan abin mota in an ga dama. A Faransa doka ta tilasta a biya shi in aikin ya wuce wata biyu. A 2024 mafi ƙarancin biyan Yuro 4.35 ne a awa ɗaya, wato kusan sefa 2,850. In an ji haka a Dakoro sai a ce yaro ya yi arziki, a soma aika masa da buƙatu. Amma a manyan biranen can hayar ɗaki guda tana iya cinye fiye da rabin abin da ya samu a wata, ga abinci, ga rigar sanyi. Tallafin karatu kuma yakan makara. Iyaye su sani cewa ɗan sitaj ba ɗan ci-rani ba ne. Kada a jira saƙo daga gare shi.

Sefarmu tana aiki a Senegal, Benin, Burkina Faso, Mali, Togo, Kodebuwa da Gine Bisau ba tare da canji ba. Ta Cadi da Kamaru darajarsu ɗaya da tamu, amma takardar daban ce, sai an canza.

Sauran abubuwa su ne waɗanda kowane matafiyi ya sani: kewar gida, abincin da ciki bai saba da shi ba, sanyin Turai, azumi mai tsawon yini in Ramadan ya faɗo a bazararsu, da ƙa'idar lokaci, inda ƙarfe takwas take nufin ƙarfe takwas. Wasu ɗalibai baƙaƙen fata sun ba da labarin raini da wariya a Arewacin Afirka da Turai. Ƴan mata kuma suna da ƙarin damuwa, domin akwai shugabannin aiki da ke neman lalata kafin su sa hannu a takarda. Maganin wannan ba hana yarinya tafiya ba ne. A san masaukinta tun daga gida, ta riƙe lambar malaminta da ta ƙungiyar ɗaliban Nijar da ke garin, kuma ta san cewa in ta kai ƙara iyayenta za su tsaya mata.

Ba duk abin da aka koyo ke tsira a ƙasarmu ba

Fotonobo tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, a damina biyu. Dakoro takan samu tsakanin 300 da 400 a yawancin shekaru, cikin wata uku, kuma wasu rijiyoyinmu sun wuce mita 50 a zurfi. Saurayin da ya dawo da niyyar haƙa tafkin kifi a kan tudun rairayi zai yi asarar jarinsa. Abin da ya kamata ya kawo shi ne dabara: rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, yin taki daga shara, adana harawa da dusa don rani, yi wa kaji rigakafi a kan lokaci. Waɗannan suna aiki a Kornaka da Birnin Lalle kamar yadda suke aiki a bakin teku. In kuma ya haɗa su da sanin tsofaffin makiyayan kwarin Tarka, waɗanda ke gane ciwon dabba daga tafiyarta, to karatunsa ya samu gindin zama.

Baƙin da suka zo mana

Matasan Amurka na Peace Corps sun yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, su fiye da 3,000. Sukan zauna a ƙauye shekara biyu, a raɗa musu sunan Hausa, su koyi daka da jan guga, mutane suna dariya. Jami'ar Boston ma ta daɗe tana turo ɗalibanta Yamai, suna koyon Hausa ko Zabarmanci, suna aikin sa kai a wuraren jama'a. Abin da ya wahalar da su shi ne zafi, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, da rashin jin magana, kamar yadda namu ke shan wuyar sanyi da harshe a can. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Shirye-shiryen biyu sun tsaya a watan Janairu na 2011, bayan an sace wasu matasan Faransa biyu a Yamai aka kashe su.

Inda haɗari yake

Akwai masu fakewa da sunan horo don neman ma'aikata masu arha. Japan ta soma shirin horar da baƙi a 1993. Da yawa sun je da bashin dillali a wuyansu, kuma da wuya su iya canza wurin aiki ko an zalunce su. A 2023 kaɗai fiye da 9,000 sun gudu daga wuraren aikinsu. A 2024 majalisar ƙasar ta yi dokar sauya tsarin.

A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da labarin ƴan matan Afirka kusan 200, masu shekara 18 zuwa 22, da aka kai yankin Alabuga na ƙasar Rasha. Ta intanet aka tallata musu karatu haɗe da aiki, da tikitin jirgi kyauta. Da suka isa sai suka tarar da kansu a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi.

Ko sitaj na gaskiya yana iya faɗawa cikin yaƙi. Ranar 7 ga Oktoba 2023 an kashe ɗaliban aikin gona goma ƴan ƙasar Nepal a kudancin Isra'ila, kuma wasu ɗalibai biyu ƴan Tanzaniya sun rasa rayukansu a harin.

Alamun yaudara ba su da wuyar ganewa. Mutum ya nemi kuɗi masu yawa tun kafin a ga takarda. Ya ce a yi sauri, kada a gaya wa kowa. Makarantar yaro ba ta san da maganar ba. Ko a ce za a riƙe masa fasfo in ya isa. Nijar tana da dokar hana fataucin mutane tun 2010. Wanda ya ga irin wannan ya sanar da jandarma ko ƴan sanda.

Takardun da za a nema

Babbar takarda ita ce yarjejeniyar sitaj. Mutum uku ke sa mata hannu: makaranta, wurin aiki, da ɗalibi. A cikinta za a ga ranar farawa da ranar gamawa, irin aikin, sunan mai koyarwa, ko akwai biya ko babu, da wanda zai ɗauki nauyin magani in an yi rashin lafiya ko hatsari. Kai da ka koyi karatu, ka nemi a nuna maka waɗannan wurare da yatsa. Ranaku da adadin kuɗi lambobi ne, za ka iya karanta su da kanka ko da takardar da Faransanci take. Sauran a fassara maka layi-layi, kuma kada ka dangwala hannu a kan abin da ba ka fahimta ba.

Sai takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, fasfo, da katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a kan iyakoki da filayen jirgi. Dokokin tafiya sun sauya a ƴan shekarun nan. An rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairu 2024, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairu 2025. Don haka kada a dogara da labarin wanda ya yi tafiya shekara biyar da suka wuce. A tambayi makaranta da ofishin fasfo halin da ake ciki kafin a biya kuɗin mota ko na jirgi.

In ɗalibi ya isa, ya yi rajista a ofishin jakadancin Nijar in akwai shi a ƙasar. Kafin ya baro wurin aiki, ya karɓi takardar shaidar kammalawa mai hatimi da sa hannu, domin nemanta daga nesa wahala ce, wani lokaci shugaban da ya san shi ma ya bar wurin. Ya ɗauki hoton kowace takarda a wayarsa, ya kuma yi kwafi biyu. Na asali a sa su cikin leda, a ajiye a akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan dutse ko bulo saboda gara da ruwan damina.