Nazarin Addini da Falsafa a Ƙasar Gombe: Daga Zaure Zuwa Jami'a

1.0 Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin iyaye da ɗalibai cewa fannonin adabi da tarihi da addini matattara ce ta waɗanda suka kasa samun gurbi a likitanci ko injiniya, falsafa kuwa baƙuwa ce da Turawa suka kawo, mai raunana imani. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun waɗannan fannoni a ƙasar Gombe, domin a nuna cewa auna hujja da hankali tsohon ɓangare ne na karatun addini a wannan nahiya, kuma sakaci da shi yana da tsada.

2.0 Zamanin Karatun Zaure

Masarautar Gombe malami ne ya kafa ta. Modibbo Buba Yero almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya karɓi tuta a farkon jihadin 1804, ya kafa hedkwatarsa a Gombe Abba, ya rasu a 1841. Ta haka Gombe ta shiga cikin daular da manhajar karatunta ta ƙunshi fiƙihu da tafsiri da nahawu da balaga da tauhidi da manɗiƙi, wato ilmin auna hujja.

Wannan manhaja ta girmi jihadin. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya kare halaccinsa a musayar da ya yi da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin haramun ne. Littafin tauhidi na Sanusi, Ummul Barahin, wanda almajirai suka daɗe suna biyawa, yana farawa ne da rarrabe hukuncin hankali gida uku: wajibi da mustahili da ja'izi. Shehu Usmanu da kansa ya yi raddi ga malaman da ke kafirta talakawa don kawai ba su iya zayyana hujjojin ilmin kalam ba, wato ya nuna cewa hujja ma tana da iyakar da za ta tsaya. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa (1804-1864) kuwa ya wallafa littattafai a kan falsafa kai tsaye.

Ƙasar Gombe ta ɗanɗana yadda fassarar addini ke juya siyasa. Daga shekarun 1880 Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansanin Mahadiyanci a Burmi, ya gagari masarautar har sai da Turawa suka kama shi a 1902. A Burmin ne kuma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a 1903.

3.0 Zuwan Turawa da Rabuwar Hanya

Turawa sun mayar da hedkwatar masarautar zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, inda birnin Gombe yake a yau. A kudancin yankin, 'yan mishan na SIM sun sauka Kaltungo a 1917, suka buɗe makarantu tare da fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Tangale. Daga nan ilmi ya rabu uku: na zaure, da na mishan, da na gwamnati, kowanne da malamansa da harshensa.

Abin lura shi ne, buƙatar Turawa ma'aikata ce. Kwalejin Katsina malaman makaranta da ma'aikatan En'e ta riƙa yayewa. Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, alƙalai aka kafa ta don ta horar. Saboda haka fiƙihu ya samu gurbi a tsarin gwamnati domin yana da kotu, manɗiƙi kuwa aka bar shi a zaure.

Bayan samun mulkin kai ma, ɗan Gombe mai son zurfafa karatu a waɗannan fannoni sai ya yi ƙaura: ko Kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano, wadda ta zama jami'a a 1977, ko Zariya, ko Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975. Babbar makarantar da Gwamnatin Tarayya ta ba Gombe a shekarun 1970 kwalejin horar da malaman fasaha da sana'a ce. Haka nan Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a ga kimiyya, kashi 40 ga sauran fannoni, abin da ya ƙara nuna wa jama'a wanda gwamnati ta fifita.

Ana cikin wannan hali rikicin Maitatsine, wanda ya fara a Kano a 1980, ya iso unguwar Pantami a watan Afrilu na 1985, aka yi asarar rayuka masu yawa. Talauci da ƙaurar matasa zuwa birane suna cikin musabbabansa, amma akwai wani: mabiya ne masu zafin kishi waɗanda ba a koya musu tambayar malami hujjarsa ba. Hare-haren Boko Haram a Gombe a 2014 da 2015 sun maimaita wannan darasi.

4.0 Manyan Makarantu a Gida

Ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996, shi ya sauya al'amura. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, sai Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, ga Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci a Nafada da Kwalejin Ilmi a Billiri. Yanzu ɗalibi yana iya nazarin tarihi ko addini ba tare da ya bar jiharsa ba. Muhimmin abu kuma, hanyoyi ukun nan da suka rabu sun haɗu a harabar jami'a, inda ɗan Dukku da ɗan Kaltungo ke zama a aji ɗaya.

Sai dai falsafa da manɗiƙi, a wurin mafi yawan ɗalibai, ba su wuce kwas guda na bai-ɗaya da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta ba, wanda akan koyar a cunkushe, a haddace don jarrabawa. Misalansa kuma sukan tsaya ga Aristotle da masanan Turai, ba a cika jin sunan Magili ko Ɗan Tafa ba. Wannan ne ya sa ɗalibi ke fita da zaton cewa tunani mai tsari ba gadonsa ba ne.

5.0 Kammalawa

An ga cewa auna hujja yana cikin karatun addini a wannan nahiya tun kafin a kafa masarautar Gombe, kuma tsarin Turawa ne ya raba su. Tunda yanzu akwai manyan makarantu a gida, ya kamata sassan addini da tarihi su shigar da rubuce-rubucen magabata a kan manɗiƙi cikin manhaja, su fassara su zuwa Hausa da Fulfulde, su kuma tattara littattafan da ke ajiye a gidajen malamai a Gombe Abba da Nafada da Dukku kafin gara ta riga su.