Tarihin Filin Wasa da Kasuwar Gefensa: Darasi Daga Ƙofar Mata

Tun kafin zuwan Turawa, wasa da kasuwa tare suke tafiya a ƙasar Hausa. Da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai 'yan dambe, waɗanda akasarinsu mahauta ne, su shiga gari gari, 'yan kokawa ma haka. Duk dandalin da aka kafa kalangu, kafin la'asar mai tsire ya kafa tukuba, mai fura ta ajiye ƙwarya, mai goro ya baza faifai. Wato taro shi ke kiran ciniki. Abin da ya canja a zamanin nan shi ne an kewaye filin da bulo, ƙasar gefensa kuma ta zama kuɗi.

Misali mafi kusa da mu 'yan kasuwar Mubi shi ne Ƙofar Mata ta Kano, domin duk mai zuwa sarin atamfa Kantin Kwari ya san wurin. A nan karofin rini yake mai ɗaruruwan shekaru, ga Filin Idi, ga Asibitin Murtala, ga kuma filin wasa na Sani Abacha. Wannan fili ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, lokacin da Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso suka yi wasanninsu a Kano, sai kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Masu otal da direbobi da masu abinci sun samu, amma fa kowace gasa 'yan makonni ce, baƙi su watse.

Abin da ya riƙe ƙananan masu sana'a a wurin shi ne Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ita ce mai tara dubban mutane a kai a kai. An gane haka sosai a 2020, da aka mayar da filin wurin killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma yin wasanninta na gida a Kaduna. Gini yana nan tsaye, amma mai ruwan sanyi da mai gyaɗa da mai gadin babura sun rasa kasuwarsu. To ka ga ashe taron mako mako ne ke ciyar da su.

Sai kuma batun ƙasa, wanda nan ne aka yi kuka. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, an ba da izinin gina shaguna a filayen jama'a da dama, har da kewayen Filin Idi da Filin Sukuwa na Nasarawa. 'Yan kasuwa suka zuba jari, wasu da kuɗin gado, wasu da bashi. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau a ƙarshen Mayu 2023, ba a yi mako guda ba aka fara rusau, da hujjar cewa filayen na al'umma ne. Aka fara da benen Filin Sukuwa mai shaguna 90, sannan aka bi na Filin Idi. A watan Satumba na shekarar, Babbar Kotun Tarayya a Kano ta umarci gwamnati ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar Naira biliyan 30. A watan Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: kashi ɗaya ke nan cikin goma.

Mu a nan ma mun ga irin wannan kasuwa ta ɗan lokaci a maƙwabta. A Janairun 2022 Garwa ta karɓi gasar kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, inda Nijeriya ta ci Masar da Sudan da Gini Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da ita. Garin ya cika da 'yan kallo daga Adamawa da sauran Arewa, masauki ya yi wuya. Ana fitar da Nijeriya, masu zuwa daga wannan ɓangare suka ɗauke ƙafa.

Me wannan tarihi yake gaya mana? Mubi gari ne mai matasa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa, ga baƙin Kamaru da Cadi masu zuwa kasuwar shanu. Ko ba jima ko ba daɗe za a zo mana da tallan shago a gefen filin ƙwallo. Kafin ɗayanmu ya ƙirga kuɗi, ya tambaya: shin ana wasa a filin kowane mako, kuma unguwar tana da masu saye ko ran da ba wasa? Shagon a gefen fili yake, ko kuwa an yanki filin yara ne aka gina shi? Takardar ƙasar ta bi hanyar da doka ta tanada, yadda ko an canja gwamnati za ta tsaya a kotu? Sannan wane shiri aka yi na tsaro da ƙofofin fita? Ba mu manta da bam ɗin Kabang na ranar 1 ga Yuni 2014 ba, da ya tashi mutane na watsewa daga kallon ƙwallo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce, duk ran da irin wannan tayi ya zo, kada kowa ya saya shi kaɗai a ɓoye. A kawo takardun gaban kwamiti, a ɗauki lauya da kuɗin ƙungiya ya duba su a ma'aikatar ƙasa da safiyo ta Yola, sannan a biya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.