Janar Wallace da Littafin da Limamai Suka Yarda da Shi

A Ingila da Amurka, idan watan Disamba ya kama sanyi ya kan tsananta, rana ta faɗi da wuri, dare ya yi tsawo. A cikin wannan wata ne Kirista su ke bikin Kirsimeti, watau tunawa da haihuwar Annabi Isa, wanda su ke kira Yesu Almasihu. Iyali su kan taru a gida, a yi wa juna kyauta, wani ya ɗauki littafi ya karanta wa saura a bakin wuta.

Amma a zamanin da, ba kowane littafi a ke bari ya shiga gidan masu riƙon addini ba. Limaman coci da yawa a Amurka sun ƙi jinin ƙagaggen labari, musamman na soyayya. Suna ganin ƙarya ce, ɓata lokaci ne, yana kuma lalata tarbiyyar 'yan mata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya wannan ra'ayi wani soja ne mai suna Lew Wallace.

An haifi Wallace a jihar Indiyana a 1827. Ya kai muƙamin janar a yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. A 1876 ya haɗu a jirgin ƙasa da Robert Ingersoll, mutumin da ya yi suna wajen jayayya da addini. Suka daɗe suna zance. Da Wallace ya sauka sai kunya ta kama shi, don ya ga bai san addininsa yadda zai ba da amsa ba. Da ma ya riga ya rubuta ɗan labari kan masanan nan uku da Kirista su ke cewa sun bi tauraro har Baitalami. Sai ya ƙudura zai yi bincike, ya faɗaɗa labarin.

A lokacin bai taɓa ganin Urushalima ba. Littattafan tarihi da taswira ya duƙufa a kansu. Ya gama rubutun a Santa Fe yana gwamnan Niyu Meksiko, aka buga shi a Nuwamba 1880 da sunan Ben-Hur.

Labarin wani saurayi ne Bayahude, ɗan babban gida, a zamanin mulkin Rumawa. Abokinsa Messala ya ci amanarsa, aka kai shi bauta yana tuƙin jirgin ruwan yaƙi, aka jefa uwarsa da ƙanwarsa kurkuku har suka kuturce. Ya kuɓuta, ya dawo da nufin ramuwa, ya ka da Messala a tseren keken doki. Mata biyu suka shiga zuciyarsa: Iras, kyakkyawa mai makirci, da Esta, mai haƙuri da amana. A ƙarshe Annabi Isa ya warkar da uwar da ƙanwar, Ben-Hur ya bar ramuwa, ya auri Esta.

Da fari littafin bai yi kasuwa ba, amma sannu a hankali ya bazu. Shugaba Garfield ya karanta shi, ya kuma naɗa Wallace jakadan Amurka a Istanbul a 1881, daga can ne ya ziyarci Urushalima. Limaman da su ke hani suka koma suna umurni da a karanta. A 1899 aka mai da shi wasan kwaikwayo, fim ɗinsa na 1959 kuma ya ci lambar Oska 11.

Dalilin karɓuwarsa a bayyane ya ke. Saurayi ya sami yaƙi da tsere, budurwa ta sami soyayya, dattijo ya sami tarihi da wa'azi, babu kuwa kalmar da za ta sa uba ya sunkuyar da kai a gaban 'ya'yansa. Har wa yau labarin ya fara ne da daren haihuwar Almasihu, don haka ya dace da kyautar Kirsimeti. An ce da tsohuwar zuma a ke magani. Mai karatu da ya ga mutanen da sun sha zalunci da rabuwa, suka riƙe imani har suka sadu da alheri, shi ma sai ya sami ƙarfin zuciya kan nasa wahalhalu.

Mata ne suka fi riƙe wannan hanya daga baya. Grace Livingston Hill, wadda ta rasu a 1947, ta rubuta littattafai fiye da 100. A 1979 Janette Oke, mutuniyar Kanada, ta fitar da Love Comes Softly, labarin wata matashiya da mijinta ya mutu a kan hanyar ƙaura zuwa yammacin Amurka, tilas ta sa ta auri wani manomi mai tsoron Allah, ƙauna kuma ta biyo baya. An yi fim ɗinsa na talabijin a 2003, a 2011 kuma aka ƙara da wani a kan Kirsimeti na iyalin nan.