Bindigar Toka Mai Tsatsa: Wadda Ke Gyaruwa da Wadda Ya Wajaba a Jingine

Gabatarwa

Bindigar toka, wadda ake kira adaka ko harba-ruga, ita ce bindigar da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki. A ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi ana samun ta a hannun maharba, da masu gadin gonaki, da kuma 'yan bindigar sarakuna masu rakiyar hakimai, kamar 'Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, a lokacin hawan salla. Tun da matsalar 'yan fashin daji ta tsananta a wannan yanki, magidanta da dama sun ciro tsofaffin bindigogin da suka gada, waɗanda suka shafe shekaru a rataye ba a taɓa su ba. Manufar wannan bayani ita ce a fahimtar da jama'a da jami'an ƙananan hukumomi cewa tsatsar da ta tsaya a saman ƙarfe tana goguwa, amma ƙarfen da tsatsa ta riga ta cinye ba ya dawowa, kuma bututun da ya kai wannan hali yana iya fashewa a hannun mai shi.

Taƙaitaccen tarihi

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an shigo da bindigogi daga ƙasar Nupe a zamanin Sarkin Kano Kumbari (1731 zuwa 1743), kuma Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Irin waɗannan bindigogi Turawa ne ke kawo su gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ciki har da waɗanda ake ƙerawa a birnin Bamingam na ƙasar Ingila, kuma da yawa daga cikinsu ba su da inganci. Saboda haɗarin fashewar bututu ne majalisar Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Bamingam a shekarar 1813, inda ake gwada ƙarfin bututu a buga masa hatimi kafin a sayar. Bindigogin da ke ƙauyukanmu a yau akasarinsu ƙirar maƙeran gida ne, ba su bi ta irin wannan gwaji ba, don haka kulawar mai bindiga ita ce kaɗai kariyarsa.

Abin da ke kawo tsatsa

Idan aka harba bindigar toka, fiye da rabin albarushin ba ya zama hayaƙi. Yana zama baƙar toka, wani sashe ya fita, wani ya manne a cikin bututu. Wannan toka tana ɗauke da gishiri mai zuƙo laima daga iska. Da zarar ta jiƙe sai ta fara cin ƙarfe, wani lokaci a cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin ya fi tsananta a damina, daga Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta, da kuma garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe da bakin kogin Karaɗuwa, inda raɓa da danshi ke daɗewa.

Sauran dalilan sun haɗa da jingine bindiga a bangon ƙasa mai danshi, da ajiye ta a cikin kuben fata ko tsumma mai riƙe ruwa, da rataye ta a ƙarƙashin rufin da ke yoyo, da kuma barin ta da ɗuri wata da watanni. Inda tsatsa ta fi yin ɓarna shi ne gindin bututu, wurin da albarushi ke zama. Nan ne ƙarfin wuta ya fi yawa idan an harba, kuma nan ne ido ba ya kaiwa.

Mataki na farko: a tabbatar babu ɗuri

Kowace tsohuwar bindiga a ɗauke ta a matsayin ɗurarriya, domin albarushi busasshe yana iya kamawa ko bayan shekaru masu yawa. A cire abin kunnawa, a juya bakin bindigar inda babu mutum ko dabba, kada kuma a sa fuska ko tafin hannu a saitin bakin. Daga nan a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin bututu, a zaro ta a gwada ta waje. Idan sandar ba ta kai ƙaramar kafar da wuta ke bi ba, to akwai wani abu a ciki: tsohon ɗuri, ko laka, ko ginin zanzaro.

Idan haka ta faru, kada a harba don a fitar da abin, kuma kada a sa bututun a wuta. A zuba ruwa ya jiƙa albarushin sosai, sannan a kai wa maƙeri mai izini, a kuma shaida masa cewa akwai ɗuri tun kafin ya karɓa.

Tsatsar da ke gyaruwa

Ja-ja ɗin tsatsa da ke bayan bututu, wadda ba ta yi rami ba, tana fita idan an shafa kananzir ko man keken ɗinki an bar shi ya kwana, sannan a goge da soson ƙarfe mai laushi. Cikin bututu kuwa ruwan zafi ne maganinsa, domin ruwa ne ke narkar da gishirin tokar albarushi. Mai ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake yi ya ci gaba da ɓarna a ƙarƙashi. Ana wankewa da ruwan zafi da ɗan sabulu, ana cuɗawa da tsumma a kan sandar ɗuri, har sai ruwan ya fito garau. Sai a busar da shi ƙarau da busasshen tsumma, a shanya a rana, a shafa mai kaɗan ciki da waje. Kada a yi amfani da baƙin mai na inji, ko ruwan batir, ko gishiri da lemun tsami.

Bayan wankewa ne ake gane gaskiyar halin bututu. A haska tocila a ciki a duba. Idan farin tsumma yana shiga yana fita ba ya sarƙewa, ba ya yagewa, alama ce mai kyau, amma duk da haka sai maƙeri masani ya duba gindin kafin a sake amfani da bindigar.

Alamomin bututun da ya gama aiki

Wajibi ne a daina harba bindigar da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinta:

1. Ramuka masu zurfi a ciki ko a waje, musamman kusa da gindi.
2. Tsatsa mai ɓarewa kamar ɓawon itace.
3. Tsaga, komai ƙanƙantarta, ko da kamar silin gashi ce.
4. Kumburi, wanda ake ji idan an shafa bututun da yatsu daga gindi zuwa baki.
5. Toshiyar gindi mai motsi, ko hayaƙi na fita ta inda bai saba fita ba.
6. Kafar wuta da ta buɗe, har tartsatsi na dawowa fuskar mai harbi.
7. Tabon walda ko faci a ko'ina a jikin bututun.
8. Bututun da asalinsa na famfo ne, mai ɗinki a tsawonsa, domin ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin albarushi ba.

Gyare-gyaren da ke kawo haɗari

Wasu na sa magagari ko samfefa su goge ramuka har bututu ya yi ƙyalli. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, domin ba ramin aka cike ba, lafiyayyen ƙarfen da ke kewaye da shi aka rage, bututun ya ƙara sirancewa. Haka nan walda tana sauya ƙarfin ƙarfe a inda zafi ya taɓa, ta ɓoye tsagar ba tare da ta kawar da ita ba. Naɗe bututu da waya, ko fata, ko roba ba ya hana shi fashewa. Gwajin da ake yi na ɗaure bindiga a itace a ja kunama da igiya shi ma ba hujja ba ne: bututun da ya jure harbin yau yana iya ƙara tsagewa a wannan harbin, ya fashe a na gobe.

Bugu da ƙari, kada a taɓa ɗura wa bindigar toka garin da aka ciro daga harsashin zamani, ko kan ashana, ko a gauraya su da albarushi. Ƙarfinsu ya zarce abin da ko sabon bututu zai iya ɗauka. Ninka ɗuri don a ji ƙara a wurin biki, da barin sarari tsakanin albarushi da harsashi, suna daga cikin manyan abubuwan da ke kumbura bututu ko su fasa shi. Hannun da ke tallafe da bututu da kuma idanu su ne suka fi shan rauni, kuma manomin da ya rasa yatsu ya rasa riƙon fartanya.

Bindigar gado da ta gama aiki ba dole a yar da ita ba. Ana iya wanke ta, a sa maƙeri mai izini ya toshe kafar wutarta yadda ba za ta sake tashi ba, a ajiye ta don tarihi, ko a miƙa ta ga ofishin 'yan sanda.

Matsayin doka

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sanya bindigar toka a rukuni na uku na bindigogi. Ta bai wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da yardar Gwamna, ikon hana mallakarta sai da lasisi. Haka kuma ƙera ta ko buɗe sana'ar gyaranta na buƙatar izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Saboda haka duk mai irin wannan bindiga ya tuntuɓi babban jami'in 'yan sanda na Dutsin-Ma ko na Kurfi domin sanin ƙa'idar da ke aiki. Batun tsaron gari kuwa a haɗa kai da jami'an tsaro da Rundunar Tsaron Al'umma da Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023.

Idan tsautsayi ya auku

A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani, kada kuma a zaro ƙarfen da ya nutse a jiki. Idan ido ne, a rufe shi ba tare da dannawa ba. A garzaya Babban Asibitin Dutsin-Ma, ko na Kurfi, ko asibiti mafi kusa, a kuma nemi allurar rigakafin tetanas. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi mai raunin bindiga ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, don haka kada tsoro ya sa a ɓoye majinyaci a gida.

Kira ga shugabanni

Ana kira ga dagatai, da masu unguwanni, da sarakunan maƙera, da shugabannin maharba da su riƙa tara mabiyansu ana duba bindigogi sau biyu a shekara, wato kafin faɗuwar damina da kuma bayan ɗaukewarta, sannan a sake dubawa kafin kowane hawan salla. A wanke bindiga a ranar da aka harba ta, a ajiye ta babu ɗuri a wuri busasshe mai makulli, albarushi a wani wuri dabam nesa da murhu, kuma inda hannun yara ba zai kai ba.