Tsumeb: Mahaƙar da Ta Cika Gidajen Tarihi da Duwatsu

A arewacin ƙasar Namibiya, a yankin tsaunukan Otavi, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Tsumeb. An kafa shi a shekarar 1905 saboda haƙar jan ƙarfe da dalma, kuma mahaƙar da ta haife shi ta daina aiki tun 1996. Duk da haka, da wuya mutum ya zagaya sashen ma'adinai na wani babban gidan tarihi a Turai ko Amurka bai ci karo da sunan garin rubuce a ƙarƙashin wani dutse ba. Masu tara kiristal, wato ma'adinin da ya tsiro da fuskoki masu santsi da kusurwoyi daidaitattu ba tare da hannun mutum ya sassaƙe shi ba, sun daɗe suna sanya Tsumeb a sahun farko na wuraren da duniya ta sani.

Wannan sha'awa ta bambanta da ta duwatsun ado. Mai son zobe ko sarƙa yana buƙatar a yanka dutse a goge shi. Mai tara kiristal kuwa yana son sa yadda ya fito daga ƙasa, manne da uwar dutsen da ya tsiro a kai, kuma ƴar ɓantara guda a kan tsininsa ta isa ta karya masa daraja. Shi kuma kamfanin haƙa ba ruwansa da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da yake lissafawa shi ne nauyin dutsen da ya shiga injin niƙa da ƙarfen da ya fito daga tanderu. Saboda haka duk kiristal ɗin Tsumeb da ke cikin akwatin gilashi a yau, dutse ne da wani ya ɗauke daga kan hanyarsa ta zuwa wuta.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen yankin sun san wurin. Mafarautan San sukan fasa koren dutsen da ke saman ƙasa su yi musayarsa da Ovambo na arewa, waɗanda ke narka shi su ƙera kayan ado da na aiki. A shekarar 1893 wani injiniya mai suna Mathew Rogers, da wani kamfani na Landan ya aiko, ya isa wurin ya tarar da tudu kore shar, mai tsayin kusan mita 12, wanda kusan dukkansa ma'adinin jan ƙarfe ne. A 1900 aka kafa kamfanin OMEG a Balin, kuma tsakanin 1903 da 1906 aka shimfiɗa siririn layin dogo mai tsawon sama da kilomita 560 daga Swakopmund, a bakin teku, zuwa Tsumeb. Aikin ya zo daidai da yaƙin da Jamusawa suka yi wa al'ummar Herero kisan ƙare dangi, layin ya ratsa ƙasarsu, kuma an tilasta wa fursunoninsu aiki a kansa. Koren tudun kansa bai daɗe ba aka cinye shi, ya koma rami.

Dalilin ficen Tsumeb yana cikin siffar ma'adinin. A tsaye yake kamar rijiya, ya nutsa cikin dutsen dolomait har sama da mita 1,600, cike da jan ƙarfe da dalma da tutiya da azurfa da asinik, haɗe da farar wuta. A irin wannan yanayi ma'adinai sukan kasance baƙaƙe ko masu ruwan toka, ba su da kyan gani. Sai ruwan sama mai ɗauke da iska ya ratsa su na tsawon zamani kafin su sake haɗuwa su zama sababbin ma'adinai masu launi, waɗanda ke tsirowa sannu a hankali a cikin kogunan da ruwan ya rarake. A yawancin mahaƙai wannan sauyi yana tsayawa ne kusa da saman ƙasa, da an wuce shi kuma an gama da kiristal mai kyau. Haka aka zata a Tsumeb. Amma bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da mahaƙar ta koma hannun wani sabon kamfani mai jarin Amurkawa a 1947, sai aka ci karo da shiyya ta biyu ta irin waɗannan ma'adinai a zurfin wajen mita 800, domin wata tsaga a cikin dutsen ta daɗe tana kai ruwa can ƙasa. Daga baya aka sami ta uku, wadda ta fi ta zurfi.

Daga waɗannan shiyyoyi aka fito da azurait, mai shuɗi mai duhu kamar turmin da ya sha baba, da serusait, ma'adinin dalma mai haske wanda ke tsirowa a sarƙe kamar saƙar raga, da dayoptes, wanda korensa ya sa a ƙarshen ƙarni na 18 waɗanda suka same shi a Kazakistan suka ɗauka zumurrudu ne. Akwai kuma abin da ke ba masana sha'awa ƙwarai: azurait da ya rikiɗe ya zama malakait, launinsa ya koma kore amma siffarsa ta asali tana nan ba ta gushe ba. An ƙidaya nau'o'in ma'adini sama da 250 a wannan rami guda, sama da 60 daga cikinsu a nan aka fara gano su. Ɗaya daga ciki, jamanait, wanda aka bayyana a 1922, ya sa Tsumeb ta zama babbar hanyar samun ƙarfen jameniyam lokacin da masana'antun lantarki suka fara nemansa.

Dutse mai kyau da ba a san inda ya fito ba, rabin darajarsa ta tafi. Ƴar takardar da ke tare da shi, mai ɗauke da sunan mahaƙa da zurfin da aka same shi da hannayen da ya bi, ita ce ke mai da shi hujjar ilimi. A nan ne Wilhelm Klein, ɗaya daga cikin manajojin mahaƙar tsakanin yaƙoƙin duniya biyu, ya yi wa na baya hidima, domin ya riƙa rubuta matakin da kowane dutse ya fito. Tarinsa yana Jami'ar Harvard, na shugaban mahaƙar Friedrich Kegel kuma yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Tun da an riga an kwashe matakan sama, waɗannan takardu ne suka rage wa mai son sanin yadda ma'adinan suka jeru a cikin ƙasa.

Takardun dai ba su faɗi komai ba game da wanda ya fara sa hannu a kan dutsen. Akasarin masu aikin ƙarƙashin ƙasa ƴan ƙwadagon Ovambo ne da ake ɗaukowa daga arewa bisa yarjejeniyar wa'adi, su zauna a sansani nesa da iyalansu, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hifikepunye Pohamba, wanda ya zama shugaban Namibiya a 2005, ya yi aiki a wannan mahaƙa yana saurayi, kuma Tsumeb na cikin wuraren da babban yajin aikin ƴan ƙwadago na 1971 ya shafa. A bisa doka duk abin da ke cikin ramin na kamfani ne, don haka kiristal da yawa a ɓoye suka hau sama, cikin tufafi ko akwatin abinci, aka sayar wa dillalai. Ana ba da labarin cewa shahararren azurait ɗin nan da ke gidan tarihin halittu na birnin New York, wanda ake kira da sunan kamfanin Newmont, wani ma'aikaci ne ya biya bashin mashaya da shi kafin kamfanin ya ƙwato kayansa. Sababbin ma'adinan da aka gano kuwa, galibi sunayen manajoji da masana da dillalai aka raɗa musu, Kegel na cikinsu. Ovambo sun sami ɗaya, shi ma da sunan yankinsu.

A shekarar 1977 mujallar Mineralogical Record ta Amurka ta keɓe fitowa guda sukutum ga Tsumeb, abin da ya ƙara wa kasuwar duwatsunta zafi. A 1994, mahaƙar tana gab da ƙarewa, aka fasa wani kogo na azurait da ake kira da sunan bikin Ista, wanda har yanzu masu tari ke farautar abin da ya fito daga cikinsa. Shekara biyu bayan haka, ma'adinin ya yi ƙasa, ga faɗuwar riba, ga wani dogon yajin aiki, sai injinan zuƙe ruwa suka tsaya, matakan ƙasa suka cika da ruwa. Matatar garin ta ci gaba da aiki shekaru masu yawa tana narka ma'adinin da ake kawowa daga ƙetare, har daga Bulgeriya. Duwatsun Tsumeb kuwa yanzu daga tsofaffin tari kaɗai suke fitowa, idan mai su ya rasu ko ya yanke shawarar sayarwa, kuma ana cinikinsu a kasuwannin baje koli irin na Tucson da Munich. Ƙaramin gidan tarihin garin, wanda aka buɗe a 1975, yana da nasa ɗan rabon, a jere kusa da bindigogin da sojojin Jamus suka zuba a tafkin Otjikoto a 1915.